Layin ƙofar filin ƙwallo: laifin na'urar duba tikiti ne, ko an bar jaki ana dukan taiki?

Baban Sadik:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ga maganar da nake so mu baje a faifai. Tun da manyan filayen ƙwallo na Turai suka mayar da tikiti cikin waya, suka kafa na'urar karanta shi a jikin ƙofar juyi, wato ƙofar ƙarfen nan da ke juyawa ta shigar da mutum ɗaya-ɗaya, shiga kallo wuya ya ƙara, ba sauƙi ba. A watan Agustan 2021 Liverpool ta fara aiki da tikitin waya a Anfield, wasan sada zumuncinta da Athletic Bilbao sai da aka ɗaga shi rabin awa saboda jama'a na kan layi a waje. A Qatar, ranar 21 ga Nuwamba 2022, aka take wasan Ingila da Iran alhali wasu masu tikitin halal suna waje, manhajar FIFA ta ƙi nuna musu abin da suka biya. Sai kuma Paris, wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai a 2022, inda aka yi turmutsitsi a ƙofa, kowa ya gani a talabijin.

Da can mutum ne zaune a tagar ƙofa. Ya karɓi takarda, ya yage gefenta, ya taka feda da ƙafa, ƙarfen ya saki, ka wuce. Ba ruwansa da caji, ba ruwansa da sabis. Yanzu kuma ga Firimiya na son daga kakar 2026/27 aƙalla kashi 70 cikin 100 na tikiti ya zama na waya. Ni dai na ce na'urar nan ce uwar cunkoso, a koma takarda.

Injiniya Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Baban Sadik, ka haɗa abubuwa uku a kwano ɗaya, bari mu raba su, don kowanne da irin cutarsa.

Akwai tikitin da ake gani da ido, wato zanen QR ko layukan nan baƙaƙe, a takarda ko a fuskar waya. Na'urarsa ƙaramar kyamara ce a bayan gilashi, hoto take ɗauka ta karanta. Abin da ke hana ta aiki kuwa shi ne duk abin da ke ɓata hoto: hasken waya ya yi ƙasa, gilashin waya ya tsage daidai kan zanen, rana ta daki fuskar, ruwan sama ya ɗiga, ko mutum ya manna wayar a jikin gilashin na'urar. Kyamara na son tazara, kamar faɗin tafin hannu, kuma a tsayar da hannu cak. Mai girgiza waya yana ganin yana taimaka mata, ita kuwa neman inda za ta tsayar da ido take yi.

Na biyu NFC, irin wanda ake biyan kuɗi da shi ta hanyar taɓa kati. Wannan ba ruwansa da haske, igiyar rediyo ce a mita 13.56 MHz, kuma nisanta bai wuce kamar santimita 4 ba. Shi taɓawa yake so. A iPhone eriyar tana can saman wayar, a yawancin wayoyin Android kuwa tana tsakiyar baya. Mutum zai ta goga gindin waya a jikin na'ura yana tsaki, alhali eriyar ba ta kusanci wurin ba. Rigar waya mai kauri ko mai ƙarfe na toshe shi. Katin banki da aka cusa a bayan rigar waya ma yana rikita na'urar, don kati biyu take ji a lokaci guda.

Na uku shi ne katin roba na masu tikitin kakar wasa gaba ɗaya. Shi ma taɓawa ne, amma ba ya cin caji.

Duk ukun hanya ɗaya suke bi bayan an karanta. Na'ura ta aika lambar ga uwar kwamfutar filin, a duba abubuwa uku: lambar tana cikin jerin tikitin wasan yau? Wannan ƙofar ce tata? An riga an shiga da ita? In komai daidai ne, kore ya kama, makullin lantarki ya saki ƙarfen na juyi ɗaya tak. Wannan duka ba ya cin lokacin da za ka ce bismillah ka gama.

Baban Sadik:
To Injiniya, ai kai da bakinka ka lissafo cututtuka kusan goma. Mai yagar takarda guda nawa gare shi?

Malam Mai Lissafi:
Ku bari a sa lamba a maganar. A Birtaniya akwai kundin ƙa'idojin tsaron filayen wasa da ake kira Green Guide, wanda ya fara fitowa a 1973 bayan mutum 66 sun mutu a filin Ibrox na Glasgow a 1971. Kundin ya ce idan ana lissafin yawan mutanen da fili zai iya shigarwa, kada a ɗora wa ƙofar juyi ɗaya fiye da mutum 660 a awa. Mutum 11 ke nan a minti, kowa daƙiƙa biyar da rabi. Ku lura, wannan iyakar ba ta karanta tikiti ba ce kawai. Ta jikin ɗan Adam ce: ya matso, ya tura ƙarfe, ya zagaya, na bayansa ya taho.

Mu ɗauki misali, fili mai cin mutum 60,000 da ƙofofi 100. Kowace ƙofa mutum 600, kusan minti 55 idan layi bai yanke ba. To a ce cikin kowane mutum goma, ɗaya ya ci daƙiƙa 30 yana neman tikiti a waya. Tara sun ci daƙiƙa 49 da rabi, shi ya ci 30, jimla kusan 80, wato kowa daƙiƙa 8. Ƙofar ta faɗo zuwa mutum 450 a awa. Aikin minti 55 ya koma minti 80. Na'ura ba ta lalace ba ko sau ɗaya, amma an ƙara minti 25, kuma a daidai lokacin da kowa ke tahowa, don ɗan kallo ba ya son zama a kujera awa biyu kafin a busa usur.

Baban Sadik:
Madalla, Malam. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Lissafinka nawa ne. Wancan mutum ɗaya cikin goma, tsarin waya ne ya haife shi.

Malam Mai Lissafi:
Rabinsa naka ne, ban musa ba. Amma wannan ɗaya cikin goma ba ya dawwama. Abin da ya faru a Anfield ranar farko ce, mutane dubbai suna koyon abu ɗaya a rana ɗaya. Mai zuwa kallo kowane mako biyu, kafin wasa na huɗu hannunsa ya san inda zai kai waya. Inda matsalar ke dawowa sabuwa fil shi ne wasan ƙarshe da Gasar Cin Kofin Duniya, inda kowa baƙo ne, manhajar baƙuwa ce, masu tsaron ƙofa ma da yawansu na wucin gadi ne.

Ɗan Damagaram:
Yaya Baban Sadik, cire Paris daga cikin hujjojinka, don kanka za ta juyo. Ranar 28 ga Mayu 2022 a Stade de France, tikitin da aka ba Liverpool, kusan 20,000, yawancinsa na takarda ne. Ɓangaren da aka yi turmutsitsin ke nan.

Ga yadda abin ya tafi. Ma'aikatan layin jirgin RER B suna yajin aiki, jama'a suka karkata zuwa RER D. Daga tashar D hanya ta bi ta wata matsattsiyar mashiga ƙarƙashin babban titi, ga motocin 'yan sanda an jibge sun ƙara tsuke ta, ga shingen binciken farko a gabanta, inda ake gwada takarda da wani biro na musamman don gane jabu. Shingen bai isa ya ɗauki wannan taron ba. Da matsi ya yi yawa aka ɗage shi, kowa ya kwarara zuwa ƙofofin X, Y da Z, har da 'yan unguwa marasa tikiti. Sai aka riƙa rufe ƙofofin, aka bi mutane da barkonon tsohuwa. Wasan da za a fara ƙarfe 9 na dare bai fara ba sai 9:36.

Ministan cikin gidan Faransa na lokacin, Gérald Darmanin, ya ce mutum 30,000 zuwa 40,000 ne suka zo da jabu ko ba tikiti. To na'urorin da kake zagi su suka ƙaryata shi, domin kowane tikitin da aka nuna musu suna rubutawa, kuma jabun da suka kama bai kai 3,000 ba. Majalisar Dattawan Faransa ta ce an ɗora wa magoya bayan Liverpool laifin da ba nasu ba, kwamitin bincike mai zaman kansa ya ce a Fabrairun 2023 babban alhakin na hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ne, daga baya UEFA ta mayar musu da kuɗin tikiti. Da mai yagar takarda ne a ƙofa, wa zai kawo wannan shaidar?

Kawu Na-Tudun-Wada:
Yaran nan, ku da kuke ganin takarda aljanna ce, ku tambayi abin da ya faru a filin Hillsborough na Ingila ranar 15 ga Afrilu 1989. Babu waya, babu na'ura, takarda ce da mai taka feda. Mutum 10,100 masu tikitin tsayuwa aka tura wa ƙofofi bakwai a ɓangaren Leppings Lane. Malam Mai Lissafi, raba mana. Fiye da mutum 1,400 ke nan a kowace ƙofa, aikin sama da awa biyu. Da waje ya cushe, 'yan sanda suka buɗe ƙofar fita, Gate C, jama'a suka bi ramin da ke kai wa tsakiyar dandamali wanda ya riga ya cika. Rai 97 suka salwanta. Allah ya kiyaye mu da irin wannan rana. Tun ran gini tun ran zane, yawan ƙofa da faɗin hanya su ne magana.

Baban Sadik:
Amin, Kawu. Na karɓi gyara a kan Paris. Amma Qatar fa? Can ba hanya ce ta tsuke ba, manhaja ce ta ƙi buɗewa.

Injiniya Ɗan Fagge:
Wannan kam gaskiyarka ce, kuma nan ne ainihin raunin tsarin. Amma ka lura, ba na'urar ƙofa ce ta kasa ba, tikitin ne bai iso hannun mai shi ba. Idan tikiti yana zaune a cikin manhajar da sai ta tuntuɓi intanet kafin ta nuna shi, to an gina gida a kan ƙasa mai zaizaya. Mutum dubu sittin a wuri guda, eriyoyin sabis na unguwar ba sa ɗauka. Za ka ga sanda huɗu a waya amma ko saƙo ba ya fita. Idan kuma manhajar ta fitar da kai, ta ce sai ka sa lambar sirrin da za a turo ta imel, shi ke nan, ka tsaya.

Tikitin da aka sauke cikin Apple Wallet ko Google Wallet, wato ma'ajiyar kati da tikiti ta cikin waya, ba ya neman sabis a bakin ƙofa. Har irin zanen nan mai canzawa, kamar na Ticketmaster da ke sabuntawa duk daƙiƙa 15, wayar ce da kanta ke ƙirƙiro shi daga wani mabuɗin sirri da kuma agogonta. Shi ya sa wanda ya murɗa agogon wayarsa da hannu, ya yi gaba ko baya da wasu mintuna, zai iya ganin ja alhali tikitinsa na gaske ne. A bar agogo a kan saitin kai tsaye.

Akwai wani tarkon da ya fi kowanne cin mutane. Kore ya kama, mutum bai lura ba saboda hayaniya, ko yana waiwayen ɗansa. Makulli yana jira na 'yan daƙiƙu ne kawai, sai ya sake kullewa, ita kuwa kwamfuta ta riga ta rubuta cewa ya shiga. Ya sake nuna tikitin, ta ce an yi amfani da shi. Haka ma wanda ya tura ƙarfen rabi ya ja da baya. Daga nan babu abin da zai yi a wurin, sai shugaban masu tsaron ƙofa ya zo da na'urar hannu ko katin buɗewa, ko a tura shi ofishin tikiti. Duk tsawon wannan lokacin ƙofar a mace take.

Maman Hanifa:
Ku duk lissafin mutum ɗaya da wayarsa kuke yi. Ku dubi uba da yara uku, tikiti huɗu a waya ɗaya. Ƙa'ida ita ce ya nuna na yaro na farko, yaro ya wuce, ya zame zuwa tikiti na biyu, haka har ya zo kan nasa a ƙarshe. Idan ya yi kuskure ya fara shiga, wayar ta tsallaka, yara sun rage a waje, sai an miƙo ta ta tsakanin ƙarafuna. Idan kuma ya nuna tikiti ɗaya sau biyu saboda dukkansu kama ɗaya suke a fuskar waya, ja ne. Da takarda kowa zai riƙe nasa.

Ga dattijon da ya shekara arba'in yana zuwa kallo, wayarsa mai madanni ce. Ga mai makyarkyatar hannu da aka ce ya tsayar da waya cak. Ga wanda cajinsa ya ƙare a jirgin ƙasa. Kulob da yawa na ba irin waɗannan katin roba idan sun nema, amma sai mutum ya san akwai, ya cike takarda, ya jira. Injiniya, na'urarka na da sauri ga wanda ya iya ta. Wanda bai iya ba kuma ana kallonsa a matsayin mai tare layi, mutum ɗari a bayansa suna masa ihu.

Injiniya Ɗan Fagge:
Hajiya, ban da ta cewa a nan. Abin da ya kamata shi ne a ware ƙofa ɗaya ko biyu a kowane ɓangare don iyali da dattawa, da ma'aikaci tsaye da na'urar hannu. Kuma duk wanda ya ga ja sau biyu a janye shi gefe nan take a warware masa, kada a bar shi yana kokawa da ƙarfe.

Ɗan Garwa:
Akwai abin da mai yagar takarda ke da shi wanda na'ura ba ta da shi, ido. A Wembley, wasan ƙarshe na Gasar Cin Kofin Turai tsakanin Ingila da Italiya ranar 11 ga Yuli 2021, binciken Baroness Casey ya gano kusan mutum 2,000 sun shiga ba tikiti, an fasa ƙofofin masu buƙata ta musamman da na fita gaggawa sau 17. Da yawa kuma manne wa bayan mai tikiti suka yi, mutum biyu a juyi ɗaya. Na'ura ta ƙirga ɗaya. Idan an sa na'ura don a rage ma'aikata, to an buɗe wa masu wannan sana'a kasuwa.

Mu kuma nan Kamaru mun ga ɗaya fuskar. A filin Olembe na Yawunde, ranar 24 ga Janairu 2022, wasan Kamaru da Komoros a Gasar Cin Kofin Afirka, mutum takwas suka rasu a ƙofar kudu. Shugaban hukumar ƙwallon Afirka, CAF, Patrice Motsepe, da kansa ya ce akwai ƙofar da ya kamata a buɗe take amma aka same ta a rufe. Sabon fili ne fil mai cin mutum 60,000. Kayan zamani ba su hana ba.

Baban Sadik:
To ku amsa mini wannan. An ce na'ura ta zo ta kashe 'yan bumburutun tikiti. Ta kashe su?

Ɗan Damagaram:
Ta canza musu salo dai. Zanen da ba ya canzawa, mutum zai ɗauki hotonsa ya sayar wa mutum biyar. Wanda ya riga zuwa ƙofa shi ya ci, sauran huɗun ja za su gani, ko da a cikinsu akwai mai tikitin na asali wanda ya yi gangancin ɗora hotonsa a Facebook yana murna. Na'ura ba ta san mai gaskiya ba, ta san wanda ya fara zuwa. Zane mai canzawa da NFC sun toshe wannan, don hoto ba ya aiki. Sai 'yan bumburutu suka koma sayar da asusun gaba ɗaya, ko su ba mutum aron waya ya shiga ya dawo da ita.

Amma Yaya, kada ka manta ɗaya ɓangaren. Mai yagar takarda ma ɗan Adam ne. Yana da aboki, yana da ƙanin mata, yana da aljihu. Takardar da bai yaga ba tana komawa waje a sake sayar da ita. A ƙarshe babu wanda ya san mutum nawa ne a ciki. Da na'ura, ɗakin kula da tsaro yana ganin adadin kowane ɓangare minti bayan minti, ya san nawa suka rage a waje saura kwata a fara, ya yanke shawarar ɗaga wasa tun kafin matsi ya kai ga haƙarƙari.

Kawu Na-Tudun-Wada:
Wanda zai je irin waɗannan filaye, ba a fafe gora ranar tafiya. Ya sauke tikiti a gida tun daren jiya, ya buɗe ya gani da idonsa bayan ya kashe data. Ya cika caji. Ya duba harafin ƙofarsa, don tikitin ƙofar B ba ya buɗe ƙofar D ko da kujera ɗaya suke kaiwa. Yana kan layi ya buɗe tikitin, ya ƙure haske idan zane ne, ya kunna NFC idan Android ce, ya zare katin banki daga bayan waya. In bai buɗe tikitin ba ya kai waya jikin na'ura, sau da yawa katin biyan kuɗinsa ne zai faɗo a fuskar. Kore na kamawa ya tura, kada ya waiwaya.

Maman Hanifa:
Kawu, wannan jerin naka kaɗai ya isa hujja ga Baban Sadik. Abu takwas kafin a shiga kallon ƙwallo.

Malam Mai Lissafi:
Akwai tsaka-tsaki da ba wanda ya ambata, kuma shi ne zai dace da irin filayenmu, ko na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ko na Seyni Kountché a Yamai. Ƙananan wayoyi da yawa da ke hannun jama'armu ba su da NFC sam, wasu ma masu madanni ne, don haka kwaikwayon Firimiya kai tsaye ba zai yiwu ba. Amma ana iya buga zanen QR a jikin takarda, kowace da lambarta, a ba masu ƙofa na'urar hannu mai batir wadda aka loda wa jerin tikitin tun safe. Ɗan kallo ya riƙe takardarsa kamar da, ba caji ba sabis, ita kuma hukuma ta samu ƙidaya.

Injiniya Ɗan Fagge:
Zai yi, Malam, da sharaɗi biyu. Na farko, in na'urorin ba sa magana da juna, takarda ɗaya da aka yi wa hoto za ta shiga ta ƙofar gabas, kwafinta ya shiga ta yamma, kowace na'ura ta ce kore. Maganinsa ko dai a haɗa su da ƙaramar hanyar sadarwa ta cikin fili wadda ba ta dogara da sabis na waje ba, ko kuma a ɗaure kowane tikiti da ƙofa ɗaya tak, na'urar wannan ƙofar kaɗai ta san lambarsa. Na biyun ya fi arha kuma ya fi wuyar lalacewa. Sharaɗi na biyu wuta. Uwar kwamfuta da makullan ƙofa sai an ɗora su a kan batirin ajiya, don 'yan daƙiƙun da ke tsakanin ɗaukewar Nefa da tashin janareta sun isa su kashe komai, kuma kafin kwamfuta ta gama farfaɗowa layi ya kai titi.

Baban Sadik:
Wato dai kun dawo kan takardata, sai dai kun manna mata zane. To wa zai hana mai riƙe da na'urar hannun ya sauke ta ƙasa idan ya hango abokinsa a layi?

Ɗan Garwa:
Ƙofar juyi mai ƙirga kanta. Bayan wasa a kwatanta yawan juyin da ƙarfe ya yi da yawan tikitin da na'urarsa ta karanta. Idan ƙarfe ya ce 900, na'ura ta ce 700, an san wanda za a kira ofis ranar Litinin.